FILIN KWAMFUTA: Kafin ka biya kuɗin gyara, gwada difrag

Yau magana ce a kan kwamfutar da aka cika da finafinai har ta fara nauyi, musamman ta samarin da ke koyon editin.

Ga yadda abin yake. Had-dis irin na da faifai ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai karanta shi. In kana yawan zuba fim kana gogewa, sai gurabe su warwatse. Sabon fim na shigowa, sai a yayyanka shi a cusa nan da can, allura ta yi ta safa da marwa. Kamar mai shagon kaset ne da ya ajiye na ɗaya a kanta, na biyu a ƙarƙashin benci. Kafin ya haɗo maka su, ai ka gaji! Ga shi kuma bidiyo akwai cin wuri, don awa ɗaya ta kaset ɗin MiniDV kan cinye wajen gigabayit 13.

Maganin shi ne difrag, wato tattara gutsattsarin wuri guda. Kuma kyauta ne, kada wani ya karɓi ko sisinka. Tun Windows 95 yana cikin kwamfuta, daga Vista ta 2007 kuma da kansa yake yi duk mako. A Windows 10 da 11, nemi Defragment and Optimize Drives. Akwai kuma Defraggler na kamfanin Piriform, wanda ke iya tattara fayil ɗaya tak. Wanda aka fi mantawa shi ne had-dis ɗin waje da editoci ke yawo da shi: in ba a jone yake ba, aikin mako-mako ya wuce shi.

Amma fa a kula. In SSD gare ka, kada ka matsa masa da difrag. Ba faifai ba allura a cikinsa, rage masa kwana kawai za ka yi. Sannan difrag ba ya kashe bairos, ba ya ƙara wuri. Kafin ka fara, kwafi aikinka a wani wajen, kuma ka tabbatar batirinka a cike yake, don 'yan NEPA ba su da alƙawari. Bidiyon bikin mutane in ya lalace, ba a sake ɗaura aure don a ɗauka!

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.