Matakin Ƙafar Babur: Likkafar da Aka Manta da Gyaranta

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Guga da hantsi, ya zuba ido a kan baburan da ke fita ta hanyar Jibiya da waɗanda ke shigowa cikin birnin Katsina, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura. Ga dogon mutum ya takure, gwiwoyinsa sun kusa taɓa hannun babur. Ga wani matakin ƙafarsa na hagu ya lanƙwashe tun wata faɗuwa da ya yi, yana tafe ƙugu a karkace. Ga kuma wanda robar matakinsa ta cinye, mai walda ya liƙa masa guntun rodi a madadinta. Dukkansu idan dare ya yi za su koka da ciwon baya, su nemi maganin shawara ko na sanyi, alhali wani ɓangare na cutar yana ƙarƙashin tafin ƙafarsu.

Abin mamaki shi ne wannan sakaci ya faru a garin mahaya. Bakatsinen da zai yi hawan salla ba ya hawa doki sai ya daidaita tsawon likkafa da tsawon ƙafarsa, haka nan 'yan wasan folo, wasan da Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa. Sun san likkafar da ta gajarce tana gajiyar da gwiwa, wadda ta yi tsawo kuma tana hana mahayi miƙewa a kan sirdi. Babur ya zama abin hawan talaka, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sana'ar acaɓa ta bunƙasa. Amma ilmin likkafa bai biyo mahayi zuwa kan babur ba.

Masana kimiyyar daidaita kayan aiki da jikin ɗan Adam suna kallon mahayin babur a matsayin wanda ya dogara a wurare uku: mazauni, da hannun babur, da matakin ƙafa. Idan aka gusar da ɗaya, sauran biyun sai sun biya. Matakin da ya yi sama da yawa yana naɗe gwiwa, ya tura ƙashin ƙugu baya, sai gadon baya ya rasa lanƙwasarsa ta halitta ya zama kamar baka. Tun cikin shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke kan faya-fayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya ga zama a duƙe ya fi tsayuwa danne su. Awon da aka sake yi a Jamus a 1999 ya gyara wasu alƙaluman nasa, amma ya tabbatar da batun duƙawa. Ɗan acaɓa kuwa yakan wuni a wannan hali.

Sai kuma girgiza, wadda iri biyu ce. Ta farko daga inji take. Baburan da suka cika titunanmu, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng na Sin, silinda ɗaya gare su, kuma injin da ke juyawa sau 4,000 a minti yana karkaɗa ƙarfen babur kusan sau 67 a daƙiƙa ɗaya. Robar da ke kan mataki ba ado ba ce, aikinta ta shanye wani kaso na wannan karkarwa kafin ta kai tafin ƙafa. Wanda ya maye ta da rodi ya buɗe wa girgiza ƙofa, shi ya sa yake jin ƙafarsa ta yi sanyi kamar ba tasa ba. Ta biyu daga hanya take, kuma ta fi illa, domin gangar jikin mutum a zaune ta fi amsa jijjigar da ke maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa. A nan ne ƙafa take da babban aiki. Mahayin da matakinsa yake daidai ƙarƙashin jikinsa yana iya ɗan ɗagawa idan ya hango rami, cinyoyi da gwiwoyi su karɓi bugun. Wanda matakinsa ya karye ko ya zame gaba ba shi da abin takawa, bugun sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙashin baya.

To amma a ce batun jin daɗi ne kawai, an rage masa daraja. Birkin baya a ƙafar dama yake, giya a ƙafar hagu, kuma dukkansu daga kan mataki ake sarrafa su. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Idan feda ɗin birki ya yi sama har sai mahayi ya ɗaga ƙafarsa daga mataki kafin ya taka shi, ya ɓata rabin daƙiƙa, ya ci mita 7 ke nan bai fara tsayawa ba. A mashigar Ƙofar Guga, inda Keke Napep da 'yan makaranta da masu tura baro suke cuɗanya, mita 7 ba ƙaramin fili ba ne.

Za a iya cewa ai waɗannan babura ba a ƙera su da matakin da ake gusarwa ba, ƙarfe ne guda aka ɗaure a ƙarƙashin inji. Gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata kowa ya ruga wurin mai walda ba. Matakin da aka sauke ƙasa da yawa zai kartar kwalta idan babur ya kwanta a kwana, ƙarfen da aka yi ta gasawa ana miƙarwa kuma yana iya karyewa ranar da aka fi buƙatarsa. Sai dai gyaran da ya halatta yana da yawa, kuma sifana kaɗai yake nema. Sandar giya a kan ƙarfe mai haƙora take, ana iya zare ta a mayar haƙori ɗaya sama ko ƙasa har ta dace da yatsun mai babur. Birkin baya yana da notin da ake ɗaurewa ko sassautawa. Mataki lanƙwasasshe a canza shi da sabo, roba a saya. Dogon mutum kuwa ya fi masa alheri a ƙara masa soso a mazauni da a sauke masa mataki, domin gwiwa za ta buɗe ba tare da an taɓa tazarar babur da ƙasa ba.

Wanda aka fi zalunta a wannan lamari shi ne fasinja. Sau da yawa matakin baya ɗaya ne ya rage, wani lokaci babu ko ɗaya, a bar mace da goyo tana lilo da ƙafa tsakanin salansa mai zafi da taya mai juyawa. Ƙunar salansa a ƙwauri da diddigen yaro da ya shiga wayoyin taya raunuka ne da ma'aikatan asibiti suka sani sarai, haka nan bakin zane ko hijabin da sarƙa ta fizga. A Indiya, inda mata suke sanya tufafi masu jan ƙasa, doka ta tilasta a sa wa babur ragar da ke kare tayar baya da matakin fasinja. A nan kuwa wani yakan cire ragar da babur ya zo da ita don ya yi masa kyan gani.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa ƙarfinta a kan hular kwano tun daga farkon 2009, kuma ta yi daidai. Amma jami'in da ya tsayar da babur bai kamata ya sallame shi ba sai ya dubi matakai huɗu da tsayin feda ɗin birki, dubawar da ba ta cin minti ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa sun ma fi hukuma ikon yin wannan, tunda su ke ganin 'ya'yansu kullum a tasha. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da takwarorinsu na kimiyya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, suna da aikin bincike a bakin ƙofa: su ɗauki awo su je wurin masu babura, su auna tsawon ƙwauri da cinyar mahaya ɗari biyu ko uku, su kwatanta da tazarar mazauni da mataki a kan baburan da ake sayarwa, sannan su rubuta sakamakon da Hausa a takarda ɗaya da bakanike zai manna a jikin rumfarsa.