Ɗan akwatin wifi na zafi, wai mu ne ba mu iya ba

Ƴan uwa, duk wanda ya mayar da ɗan akwatin wifi na aljihu wurin mai shago ya ce batirin na zafi, ko ya kumbura har marfin ya ɗaga, amsa ɗaya ake ba shi: kai ne ba ka iya riƙonsa ba. Ni dai na gaji da wannan amsa. Mutumin Urafan ya tara jikkunansa ya sayi abu, abin ya nemi ƙona masa ɗaki, sannan a ce shi ne mai laifi?

Bari mu duba inda zafin ke fitowa. Wannan akwati rediyo ne ƙarami mai magana da antanar kamfani. Idan antanar na kusa, raɗa kawai yake yi. Idan tana nesa, sai ya ƙara ƙarfin aikawa don a ji shi, kamar mai kiran ɗan uwansa daga wancan gefen gona, kuma wannan ƙarfi daga batir yake fitowa, ya koma zafi. A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayayi kowa ya san yadda ake farautar reso: a rataye akwatin a reshen bishiya, a ɗora shi kan katanga, ko a maƙale shi ƙarƙashin rufin kwano. Wato wurin da reso yake, nan rana take. Batirin litiyom da ke cikinsa ba a so a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, alhali a watan Afrilu da Mayu iskar da muke shaƙa a inuwa ma takan wuce digiri 40. Ƙarƙashin kwano da azahar kuwa, ba sai na faɗa muku ba.

Sai maganar kuran. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara abin bai ma kai haka ba. Wanda muke gani a jihar Maradi, mafi yawansa daga Katsina yake shigowa ta layin Gazawa, kuma mun ɗanɗana abin da hakan ke nufi lokacin da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023. Mutumin da ba shi da tabbacin wuta, in ya samu ba ya zare waya. Akwatin na caji, mutum takwas na kansa suna WhatsApp, cajar kuma ta bakin tebur ce, an jona ta da batirin sola ba tare da abin daidaita wuta ba. Caji na haifar da nasa zafi, aiki na haifar da nasa, rana ta ƙara nata. Ina batirin da zai jure wannan?

Kar wani ya ce na zo da ƙorafi kawai. Rai ya fi intanet, don haka ku ji. In ya yi zafin da hannu ba ya son riƙewa, a kashe shi, a zare caja, a ajiye shi a inuwa kan ƙasa, nesa da katifa, zana da galan ɗin fetur. Kar a tsoma shi a ruwa, kar a jefa shi cikin kankara. A yi masa caji da dare ko da asuba yana kashe, in ya cika a zare. Kar a kwana da shi ƙarƙashin matashi. A rage yawan salular da ke kansa. In batirin ya kumbura, ya gama aiki ke nan, domin iska ce ta taru a ciki saboda sinadarinsa ya lalace. Masu huda shi da allura wai su sace iskar, dan Allah ku bari, haka gobara ke tashi. Kuma kar a ba yara su yi wasa da shi, kar a zuba shi cikin sharar da za a ƙona.

To amma in ka jefar da shi, wane za ka saya? Nan ne gizo ke saƙar. Batiran canji sun cika kasuwa, an buga musu suna mai kyau da lamba mai girma, ba garanti, ba rasit, wasu ma ba su da ɗan abin nan da ke katse wuta in zafi ya yi yawa. Talaka ba shi da na'urar gwaji. Ido kawai gare shi, kuma jabu ya fi na gaske sheƙi.

A shekarar 2016, da batirin Galaxy Note 7 ya riƙa kama wuta, kamfanin Samsung ya janye salula wajen miliyan biyu da rabi, daga baya ya daina ƙera ta gaba ɗaya. Ba a ce wa masu saye ba su iya riƙo ba, saboda can akwai hukumomin da kamfani ke shakka. Mu ma muna da hukuma. Doka ta ɗora wa ARCEP aikin amincewa da na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, da sa ido kan ingancin reso na Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai intanet ƙauyukan Nijar. Muna da haƙƙin tambaya: antana nawa ta faɗo rabon Urafan, kuma a waɗanne garuruwa?

Malamin makaranta da ke aika rahoto, ma'aikaciyar asibitin karkara, ɗalibin da ke neman sakamakon jarrabawa, matar da ke jiran saƙon mijinta daga Agadas ko Libiya, duk da wannan ɗan akwati suke aiki. Muna so a binciki batiran da ke shigowa tun daga duwan, a tilasta wa mai sayarwa ba da rasit da garanti, a kuma tanadi wurin tara matattun batira a Tasawa da Mayayi. Kafin nan, duk wanda nasa ya kumbura ya ɗauki hotonsa, ya rubuta sunan garinsu da watan da ya saya, ya turo mana. Za mu haɗa su mu kai wa magajin gari da ARCEP a rubuce.