Gida da Iyali: Yadin da ke Tare Guguwa

Da yawa cikinku kuna da 'ya'ya ko jikoki waɗanda karatu ko aiki ya kai su Amurka, waɗansu kuwa sun zauna a jihohin bakin teku kamar Fulorida da Teksas. A can, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara, lokaci ne na mahaukaciyar guguwa mai tasowa daga teku. Wannan wata za mu yi magana a kan wani irin yadi da mutanen wuraren ke rufe tagogi da ƙofofi da shi, da yadda mai gida zai zaɓi na kirki.

Mu fara da dalilin rufewar. Mutum zai zaci gilashin taga ake jin tausayi, amma rufin gida ake ceto. Sa'ad da guguwa ke kaɗawa bisa gida, tana jan rufin zuwa sama. In taga ɗaya ta fashe, sai iska ta afka ciki ta cika ɗakin, tana tura rufin daga ƙasa. Ja daga sama, turi daga ƙasa, sai rufi ya tashi, ruwa ya sauko kan iyali da dukan kayansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ke fasa tagar kuwa sau da yawa ba iskar kaɗai ba ce, tarkacen da ta kwaso ne: reshen itace, guntun katako, ko tayil ɗin rufin maƙwabci.

Mutanen Fulorida sun koyi wannan da tsada. Ran 24 ga Agusta 1992 guguwar da aka sa wa suna Andrew ta sauka kudu da birnin Mayami, iskarta tana gudun mil 165 a awa. Ta rushe gidaje dubu-dubai a garin Homestead da kewayensa. Bayan wannan aka tsananta dokokin gini a yankin, har a shekarar 2002 jihar duka ta soma aiki da dokar gini guda. Tun daga lokacin, sabon gida a wuraren da iska ta fi ƙarfi dole ne a kāre tagoginsa, ko da gilashi mai jure duka, ko da murfi.

Murfin iri-iri ne. Akwai na ƙarfe da na alminiyam, akwai kuma katakon filawud, wanda ake so kaurinsa ya kai inci 5/8. Dukansu suna aiki, amma suna da nauyi, suna cin wurin ajiya, kuma in an rufe su gida yakan yi duhu ƙirin. Yadin kuwa ba shi da nauyi, ana naɗe shi a sa cikin jaka, waɗansu ma haske yana ratsa su. Ga gwauruwa, ko tsofaffi biyu da 'ya'yansu ke nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama murfin da ba ka iya ɗagawa ba zai amfane ka ba.

Da me ake saƙa shi? Mafi yawa da zaren roba ne mai suna polifurofilin, dangin wanda ake yin buhun taki da shi, sai dai ya fi shi kauri da ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai na nailan da aka shafa wa roba. Akwai kuma mai zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, shi ne ake yin rigar sulke ta tare harsashi da shi. Mai saƙa a buɗe yana barin haske da ɗan iska, amma feshin ruwa yakan wuce. Mai shafin roba ya fi tare ruwa, sai dai ɗaki ya fi duhu.

To, ga abubuwa huɗu da mai gida zai duba kafin ya fitar da kuɗinsa.

Na fari, shaidar gwaji. Kada a saya don mai sayarwa ya iya baki. A wurin gwaji akan ɗauki katakon nan da kafintoci ke kira tubaifo, mai nauyin laba 9, watau kimanin kilo 4, a harba shi kan murfin da gudun mil 34 a awa. Bayan haka a yi ta tura shi da iska ana jansa, a ga ko zai saki. Wanda ya ci gwajin yana samun takardar amincewa daga hukumar gundumar Mayami-Dade ko ta jihar Fulorida, da lamba a kanta. A nemi lambar, a duba ta a shafin hukumar ta intanet. A Teksas, ma'aikatar inshora ta jihar ce ke da irin wannan jeri. Dokar Fulorida ma ta sa kamfanonin inshora su rage wa mai gida kuɗi in ya kāre gidansa da kayan da aka amince da su.

Na biyu, maɗaurai. Ƙarfin yadin yana ga abin da ke riƙe da shi. Ana kafa noti ko ƙusa mai zare cikin kankare, ko bulo, ko ginshiƙin katakon bango, ba cikin yaɓe ko katakon ado ba. Takardar amincewa tana faɗin irin ƙusar, da zurfinta, da tazarar da za a bari tsakanin ɗaya da ɗaya. Ma'aikacin da ya rage ƙusoshi don ya gama da wuri ya mai da yadi mai tsada tsumma. A tsaya a kansa yana aikin, da takardar a hannu.

Na uku, tazara daga gilashi. Yadi ba ya tsayawa ƙiƙam kamar ƙarfe. In abu ya buge shi yakan lotsa ciki, ta haka yake shanye ƙarfin dukan. In yana manne da taga, gilashin na iya fashewa a bayansa, ko da yake yadin zai ci gaba da tare yawancin iskar. Saboda haka a tambayi mai sayarwa ko inci nawa yake lotsawa. Shi ya sa yadin ya fi dacewa da baranda da manyan ƙofofi, inda akwai fili a bayansa.

Na huɗu, hanyar fita. Yawancin yadin daga waje ake ɗaure shi. In an rufe kowace ƙofa, wuta kuwa ta tashi daga kyandir, ina iyali za su bi? A bar ƙofa ɗaya aƙalla wadda ake iya buɗe murfinta daga ciki, a nuna wa yara ita.

Har wa yau, a san abin da yadin ba ya yi. Ba ya hana ɓarawo, gama wuƙa tana yanka shi. Ba ya tare ambaliya. A 2022, sa'ad da guguwar Ian ta faɗa wa yankin Fort Myers, ruwan teku da ya hau tudu ne ya cinye mutane da yawa. In hukuma ta ce a tashi, a rufe gida a tashi. Manna salatif a gilashi kuma aikin banza ne, haka nan buɗe taga wai don iska ta wuce.

Mu nan gida ba mu da irin wannan guguwa ta teku, kada kuwa wani ya rataya tamfol ko zana ya ce ya yi irin na Amurka. Amma iskar farkon damina da ke yaye mana kwano, hanyar aikinta ɗaya ce. In hadari ya haɗo, a rufe tagogi da ƙofofi a sa sakata, a kwashe kwano da katakon da ke yashe a tsakar gida.

Ku da ke can, in kun sayi yadin, ku rubuta wa kowane ƙyalle sunan tagarsa. Ku gwada ɗaura shi cikin watan Mayu, mai gida da uwargida da manyan yara tare, ku ga awa nawa zai ci. Bayan guguwa ku wanke shi, ya bushe sarai, ku ajiye inda rana da ɓera ba za su taɓa shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayen da ke nan kuma, in kun yi waya da su, ku tambaye su ko sun shirya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.