Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Jera Kayanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kanti a Mabera ya san mai kanti ba ya lalube. Ka ce ashana, hannunsa ya nufi wajen kyandir. Ka ce taliya, ya juya ɓangaren shinkafa. Sirrinsa shi ne ya jera kayansa dangi-dangi. Ina ganin ɗalibanmu masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suna da darasin ɗauka a nan, domin haka ƙwaƙwalwar ɗan'adam take ajiye ilimi.

A 1972 masanin halayyar ɗan'adam Endel Tulving, na ƙasar Kanada, ya bambanta taskoki biyu na tunawa. Ɗaya tana riƙe abin da ya faru da kai, kamar ranar da aka fara kai ka makaranta. Ɗayar tana riƙe sani na gama-gari, kamar cewa Gulbin Rima ya ratsa ta gefen Sakkwato. Wannan ta biyun ba ta damu da ranar da ka koyi abu ba, da dangin abin take damuwa.

Tun a 1969 wasu masana biyu a Amurka, Allan Collins da Ross Quillian, suka auna saurin amsar mutane. Sun gano an fi saurin yarda cewa kanari yana waƙa fiye da yarda cewa yana da fata. Fassararsu ita ce waƙa tana ajiye kusa da kanari, fata kuwa sai tunani ya hau zuwa tsuntsu, ya ƙara hawa zuwa dabba, sannan ya iske ta. Daga baya Eleanor Rosch ta nuna cewa a kowane rukuni akwai 'yan tsakiya da 'yan gefe. Ka ce wa yaro ya ambaci tsuntsu, tattabara ko kurciya zai kawo, da wuya ya fara da jimina. Jemage kuwa ya daɗe yana ba Bahaushe wahala, har ya zama abin misali ga wanda aka rasa ɓangarensa.

Malamanmu na zaure sun riga sun yi aiki da wannan hikima. Ajurumiya, littafin nahawun da Ibn Ajurrum na birnin Fas ya rubuta, wanda har yau ake karantawa a zaurukan Sakkwato, da kasa magana gida uku ya fara: suna, aikatau da harafi. Sai ɗalibi ya san gidajen sannan a shigo masa da mazaunansu.

Abin da ke damuna shi ne yadda makarantunmu da yawa suka juya wannan tsari. Na sha ganin ɗalibi ya haddace shafi goma na ilimin halittu, amma aka sauya wa tambaya fuska sai ya tsaya cak, saboda abin da ya haddace ba shi da mazauni a kansa. Hadda tana da daraja, sai dai haddar da ba a jera ba gajeren rai gare ta.

Shawarata ga malami ita ce, kafin ya ba da sabon bayani ya tambayi aji: wannan dangin me ne, kuma me ya raba shi da 'yan'uwansa? Ɗalibi kuma, bayan kowane babi, ya rufe littafi ya zana rassan abin da ya karanta da hannunsa. Reshen da ya kasa zanawa, nan ne karatun gobe zai fara.