An canza wa tuwo suna, amma caca ce

Mai karatu, kada sabon suna ya ruɗe ka. A Amurka, dandaloli irin su Kalshi da Polymarket suna buɗe abin da suke kira kasuwar hasashe a kan yadda faɗan UFC zai ƙare: naushin da zai sumar da mutum, ko maƙurar da za ta sa ya miƙa wuya, ko hukuncin alƙalai. Za ka sayi "i" ko "a'a" da kuɗin da bai kai dala 1 ba. Idan ka dace a cika maka dalar, idan ka kuskure kuɗinka sun tafi.

Masu kare harkar suna cewa ciniki ne na masu nazari. Wane nazari ne zai hango ƙafar da za ta zame cikin zagayen minti 5? Wanda ya sayi sumewa kuwa, me yake fata in ba girgizar ƙwaƙwalwar ɗan wani ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma jarabar ba ruwanta da sunan manhaja. Alamominta sanannu ne: ƙara zubi don a maido da asara, ɓoye waya, rance a asirce, rashin barci.

Idan ka ga haka a gidanka, gori ba magani ba ne. Ku zauna da shi, a riƙe masa katin banki da yardarsa, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Idan ya ambaci kashe kansa, a tafi asibiti a ranar.