GANI YA KORI JI: A FITAR DA ƊALIBAN SAKANDARE SU TAKA DUWATSUN JOS

Gabatarwa

A Tudun Wada ta garin Jos aka haife ni, a nan kuma na yi sakandare. Shekara shida cur ina zana duwatsu a littafin darasin labarin ƙasa, ina haddace sunayen kogunan Turai da tsaunukan Asiya, amma ko sau ɗaya makarantarmu ba ta taɓa kai mu gindin wani dutse don a yi mana darasi a kansa ba, alhali kuwa ta tagar ajinmu muna hango duwatsu ta kowace kusurwa. Sai da na shigo jami'a sannan ƙafata ta taka Duwatsun Shere. Ran nan ne na gane an yi mana ƙwauron wani ilimi da yake a ƙofar gidanmu. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ra'ayina shi ne ya kamata karatun fili da hawan dutse da kwana a sansani su shiga cikin tsarin kowace makarantar sakandare a Jos, a daina ɗaukarsu a matsayin shagali na 'ya'yan masu hali.

Abin Da Allah Ya Hore Mana

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinsa ya sha bamban da na Kano ko Sakkwato. A gefen Tudun Wada akwai Gandun Namun Daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa kuma ya kai kimanin murabba'in kilomita 8, ga itatuwa ga tuddai. Ɗalibin unguwarmu da ƙafa ma yana iya isa can. A gabashin gari, tafiyar kamar kilomita 10, ga Duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829. A Laminga akwai Dajin Amurum, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a wannan daji, cikinsu har da wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi ga duniya. Akwai kuma wani tsuntsun da ba ya yin sheƙa, sai ya je ya saka ƙwansa a sheƙar jan tsuntsun nan, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya rena. Wane darasi ne na allo zai zauna a ƙwaƙwalwar yaro kamar ya ga wannan da idonsa?

Ba su ke nan ba. Ga Dutsen Riyom, ga magangarar ruwa ta Assop a kan hanyar Akwanga, ga ta Kurra inda ake samar da wutar lantarki da ƙarfin ruwa. A tsakiyar gari kuma ga gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952, mai ɗauke da sassaƙen Nok, kusa da shi kuma an gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Baƙi na biyan kuɗin mota daga nesa su zo kallo, mu 'yan gida muna wucewa a Keke Napep ko waiwaye ba ma yi.

Makarantar Dutse

Wani zai ce wannan ai sabon salo ne na Turawa. To, a ƙasar nan abin ya haura shekara 70. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn tare da Lawrence Holt, mai kamfanin jiragen ruwa, suka buɗe makarantar Outward Bound a gaɓar teku a yankin Wales na Birtaniya, don koya wa matasa juriya da dogaro da kai. A 1951 Alec Dickson ya kawo irin wannan horo Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe. Da wancan yanki ya zaɓi haɗewa da Kamaru a 1961, sai cibiyar ta dawo Filato, ta zauna a Kurra, daga bisani ta kafu a Shere. Ita ce Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Koyar da Shugabanci ta Gwamnatin Tarayya, uwar ƙungiyar Man O' War da muke gani a jami'o'i da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima. A can ana koyar da hawan dutse da saukowa da igiya, da tsallake shingaye, da karanta taswira, da tafiya cikin daji a ƙungiyance.

Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Kakanninmu sun tashi da kiwo da farauta da su da gayya da langa da kokawa. Yaro ɗan shekara 12 a ƙauye ya san sunan itatuwa, ya san wanda ake ci da wanda ke kisa, ya san gabas da yamma ko da dare. Zaman birni da wayar hannu ne suka raba mu da wannan sani, makaranta kuma ba ta cike gurbin ba.

Amfanin Da Ke Ciki

Na farko, karatun kansa zai ƙaru. A jarabawar kammala sakandare akwai tambayoyin taswira, inda ake so ɗalibi ya dubi layukan tudu da kwari ya faɗi yanayin wuri. Wanda ya taɓa riƙe taswira ya hau tudu yana haki, ya ga yadda layuka masu matsewa suke nufin gangare mai tsanani, ba zai sake mantawa ba. Haka darasin ilimin halittu, da na tarihi, har da na Hausa, domin sunayen tsirrai da tsuntsaye da yawa suna ɓacewa daga bakin matasa.

Na biyu, ceton rai. Haƙar kuza da aka fara gadan-gadan a farkon ƙarni na 20 ta bar mana kududdufai masu zurfi birjik a Filato. Ina aji uku wani ɗan ajinmu ya bi abokai wanka a irin wannan kududdufi ranar Asabar, bai dawo ba sai gawarsa. Yaran da ke bakin ruwan babu wanda ya iya iyo sosai, babu wanda ya san ana miƙa sanda ko igiya maimakon a faɗa ruwa, babu wanda ya san yadda ake taimakon wanda ya sha ruwa. Hana yaro fita ba ya hana shi zuwa, sai dai ya tafi a ɓoye. Rigakafi ya fi magani, rigakafin nan kuwa shi ne a koya masa a gaban malami.

Na uku, zaman lafiya. Duk ɗan Jos ya san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi wa garin nan. Unguwanni sun rabu, makarantu ma da yawa sun rabu. Akwai yaron da zai gama sakandare a Gangare ko Unguwar Rogo bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da sa'ansa na Tudun Wada ko Kabong ba, haka ma ɗaya ɓangaren. A kan dutse kuwa, wanda ya riƙe maka igiya ranka yana hannunsa, ba za ka tsaya tambayar sunansa ko addininsa ba. An sha tara matasa a zaure ana yi musu lacca kan zaman lafiya, su tafa su watse. Ni a ganina kwana biyu a tanti ɗaya, ana ɗebo ruwa tare ana dafa abinci tare, ya fi lacca goma tasiri.

Uzurorin Da Ake Kawowa

Babban uzuri shi ne tsaro, kuma ba zan raina shi ba. Uban da ya ji labarin sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020 yana da hujjar jin tsoro. Amma amsar ita ce tsari. A fara da fitar yini guda a wurare masu shinge da ma'aikata, a sanar da jami'an tsaro da mai unguwa, a karɓi izinin iyaye a rubuce, a kasa yara goma-goma kowane rukuni da babba guda, a dawo kafin la'asar. Kwana kuwa sai a harabar cibiyar horo ko ta wata makaranta. In gari ya ɗauki zafi, a ɗage. Haka nan a guji kan dutse da bakin rafi a tsakiyar damina saboda santsi da tsawa.

Uzuri na biyu kuɗi. A makarantarmu an taɓa karɓar kuɗin yawon buɗe ido, aka zuba mu a mota, aka ba mu shinkafa da lemo, aka ɗauki hoto, muka dawo ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Wannan ɓarnar kuɗi ce. Fitar da nake nufi ba ta bukatar fiye da takalmi mai ƙwari, da gorar ruwa, da littafi da fensir, da akwatin taimakon gaggawa. Masu horarwa kuma muna da su: 'yan Sikawut, da 'yan Man O' War, da 'yan agajin ƙungiyoyin Musulunci, da 'yan Boys' Brigade na majami'u, da 'yan Red Cross.

Na uku, batun 'yan mata. Sau da yawa in an tashi fita sai a ce su zauna. Ban ga dalili ba. A haɗa su da malamai mata, a ware musu rukuninsu, su sa suturar da ta dace da tarbiyyar gidajensu. Hijabi bai taɓa hana kowa karanta taswira ko koyon ɗaure rauni ba, kuma sau da yawa mace ce a gida lokacin da yaro zai ƙone ko ya faɗi.

Na huɗu, wai ana ɓata lokacin shirin jarabawa. Yini ɗaya a zango, wato kwana 3 a shekara, ba shi ne zai kayar da ɗalibi ba, musamman idan aka sa kowa ya rubuto rahoton abin da ya gani aka ba shi maki.

Kammalawa

Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Filato da ta sa fita karatun fili sau ɗaya kowane zango cikin jadawalin makarantu, ta kuma ƙulla yarjejeniya da cibiyar Shere don 'ya'yan talakawa su sami rangwame. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su riƙa tambayar me aka koyo, ba nawa aka kashe kawai ba. Shugabannin makarantu kuma su riƙa haɗa makarantu biyu daga unguwanni mabambanta a fita ɗaya.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai namu aikin. In an yi hutu, kowa ya koma tsohuwar makarantarsa ya nemi izinin raka ƙannenmu, mu tattara sunayen itatuwa da tsuntsaye da duwatsu daga bakin dattawa, da Hausa da Birom da Afizere da Anaguta, mu rubuta kafin masu sanin su ƙare. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai na yi alkawarin hutun nan zan kai ƙannena biyu da abokansu gandun da ke bayan unguwarmu, da littafi da fensir a hannu. Allah ya ba mu zaman lafiya a Filato da Nijeriya baki ɗaya, amin.