Sa hannu ba shi ne duba aiki ba

Wannan makon da likitoci muke, kuma da gangan.

Duk likitan da ke neman zama ƙwararre a Najeriya, ko ta kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, sai ya rubuta kundin bincike kafin jarrabawar ƙarshe, kuma ƙa'ida ce a haɗa shi da malamin da zai duba aikin. Ƙorafinmu shi ne, sau da yawa duban nan bai wuce sa hannu a shafin farko ba.

Mu ɗauki Bagudo. Binciken ƙasa na 2021 kan zazzaɓin cizon sauro ya nuna Kebbi ce kan gaba: yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar cutar. A Disamban 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara rigakafinta. Ga Kogin Neja ya ratsa Bagudo, ga fadamun shinkafa, ga mutanen Illo, Lolo da Tsamiya kullum suna shiga Jamhuriyar Benin suna fita. Uwa za ta kai ɗanta asibiti a Segbana, ta dawo da takardar magani da Faransanci, mako ya zagayo ta kai shi asibitin wannan ɓangaren. Wane magani aka maimaita masa? A katin wace ƙasa aka rubuta rigakafinsa? Ga tambayoyi nan zube. Amma ɗalibin da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato, in babu malamin da ya turo shi, fayilolin da ke kusa da shi zai ƙirga, ya karɓi shaidarsa.

Mun san uzurin. Ƙwararru kaɗan ne, da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, wanda ya rage ga marasa lafiya, ga tiyata, ga ɗalibai. Gaskiya ne. To amma karanta babi ɗaya da jan biro ba ya buƙatar janareta, kuma rabin awa a waya duk mako bai fi ƙarfin kowa ba. Wanda ba shi da lokaci, kada ya karɓi ɗalibi.

Inda abin ya shafe mu shi ne harshe. Ana tsara tambayoyi da Turanci, a filin aiki kowane mai tambaya ya fassara yadda ya ga dama. Wani ya ce zazzaɓi, wani ya ce masassara. A tambayi tsohuwa ko ɗanta ya taɓa yin shawara, alhali kalmar ta ɗauki cuta fiye da ɗaya. Ga masu jin Dendi, Kyanga da Fulatanci. Malamin da bai nemi ganin fassarar ba, ginin toka ya sa wa hannu.

Don haka muna neman abu biyu. Kada a amince da binciken da za a yi a ƙauye sai an ga tambayoyinsa da takardar neman yarda cikin harshen mutanen, wani daban ya mayar da su Turanci an gwada. Sannan kowane kundi ya fito da taƙaitaccen bayani da Hausa, a kai wa waɗanda aka ɗebi jininsu. Wannan aikin masu alƙalami ne, mu miƙa kanmu.

Kuma duk wanda ke rubuta wa littafi gabatarwa bai karanta shi ba, ya sani da shi ma muke.